Goggo da Ɗakin Baya

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, Goggo kuwa ta riga mu. Yayar mahaifina ce. Ta cika ranar wata Laraba da hantsi, cikin zafin bazara, a gidanta na bayan kasuwar Tambuwal. Kafin azahar an kai ta makwanci. Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a kan tabarmin nan kuwa na ji maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Wani dattijo ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙanta. Mace ta mai ƙoƙari, sai dai son abin duniya." Na kusa da shi ya gyara zama ya ƙara da cewa, "Allah shi yafe mata fidda kayan mutane waje." Sai jama'a suka ce amin. Amin fa! Har da masu girgiza kai, kamar an ambaci wani zunubi da aka yi a gaban idonsu. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda suka sha ruwan rijiyarta shekara da shekaru, akwai wanda ƙanensa ya zauna ɗakinta har ya yi aure. Wallahi ƙasar kabarinta ba ta bushe a ƙafafunsu ba. Na haɗiye maganata don gidan makoki ne.

A cikin gida mata na ta koke-koke. Wadda kukanta ya fi na kowa tsuma zuciya ba danginmu ba ce. Matar marigayi malamin asibiti ce, wadda ke zaune a ɗakin baya da 'ya'yanta biyu. A zaure kuwa Baffa ne ke karɓar gaisuwa, ƙanen Goggo, ƙanen mahaifina, ya naɗa rawani yana ta share ido da bakin riga. Zauren nan shi ne wanda ya taɓa rantsuwa ƙafarsa ba za ta sake taka shi ba. Goggo ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, mahaifina ma ya riga ta, saboda haka gida duka ya faɗa hannun Baffa. Ranar sadakar uku, ko tabarmi ba a naɗe ba, ya aika wa matar malamin asibiti cewa ta nemi wuri kafin arba'in, yana da buƙatar ɗakin.

To, bari in faɗi wace ce Goggo, da yadda ɗakin nan ya zo hannun baiwar Allah nan, tunda waɗanda suka sani sun zaɓi su yi shiru.

Mu mutanen Kebbe ne. Aure ya kawo Goggo Tambuwal, wurin wani mai fataucin fatu. Da ya rasu, rabonta na gado ya faɗo a kan wani kango a bayan kasuwa, wurin da awaki ke kwana. Dangi suka ce ta sayar ta komo gida ta zauna gaban Baffa. Ta ƙi. A lokacin ana ta maganar mulkin kai, En'e, wato hukumar gargajiya, na ta turo ma'aikata: malaman makaranta, malamin gona, malamin daji, duba-gari, akawuna. A al'adarmu baƙo ba ya biyan wurin kwana. Mai unguwa yake kai shi gidan wani a sauke shi, a ba shi tabarma da tuwo. Wannan ya yi daidai da falke mai kwana bakwai ya wuce. Ma'aikaci kuwa shekaru yake yi. Sai ka ga maigida yana murmushi a gaban baƙo yana tsaki a bayansa, matan gida sun kasa sakewa a tsakar gidansu, shi kuma baƙon yana tafiya a raɓe kamar mai laifi. Kowa na cutuwa, ba mai iya faɗa.

Goggo ce ta faɗa. Ta je Kebbe ta karɓo shanunta daga hannun Fulanin da ke yi mata kiwo, ta sayar, ta kira magini. Ya yi mata shigifu fuɗu a jere, wato ɗakuna masu rufin ƙasa, kowanne da ƙofarsa da kwadonsa, da wani ƙarami a baya kusa da nata. Ta haƙa rijiya, ta yi bayan gida biyu. Sannan ta aika wa mai unguwa cewa duk ma'aikacin da ke son ɗaki ya zo, amma da haya.

Kai, ka ga tashin hankali! Ka ce gunki ta kafa a gidan. Baffa ya hau mota tun daga Kebbe, ya tsaya a tsakar gida yana faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Yaya, mi kika yi muna haka? Gidan ubanmu ba a taɓa saida baƙunci ba! Mace kamarki, ki tara gwagware cikin gida kina amsar kuɗɗinsu, mi za a kira ki?"

Tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Baƙon da anka kai maka bara, malamin daji, wata nawa yay yi kaf fara ɓoye mai tulun ruwa? Ni dai ba ni yi ma mutum dariya da baki ina zagi nai da ciki. Shi biya, shi shiga, shi rufe ƙofa tai, shi yi barci awa mai gida."

Baffa ya kaɗa riga ya fita. Abin da yake nufi da "mi za a kira ki" kowa ya gane shi, kuma an kira ta ɗin, a bayan ido. Matar da ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba.

Ni kaina ɗan hayarta ne. Da na gama kwalejin horon malamai aka turo ni makarantar Tambuwal, shekarar da aka sauke tutar Turawa. Na iso da akwatina ina murna, ga gidan Goggo, ɗaki kyauta, tuwo kyauta. Ta rungume ni, ta yi mini fura, ta tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya. Da na ƙoshi sai ta faɗa mini abin da zan riƙa biya. Na yi dariya, na ga ita ba ta yi ba.

"Ran da kat taho gaishe ni, ɗana kake, ka ci ka sha," in ji ta. "Ran da anka yi albashi, ɗan haya kake. In na bar ka kyauta, gobe in ɗakinka na zuba kunya za ta hana ka faɗa min, ni ko haushi shi hana ni gyara."

Na ji zafin maganar a lokacin. Amma ban taɓa kwana da ɗigon ruwa a kaina ba, kuma duk abin da ya lalace bakina a sake yake in faɗa.

Tana da hanyarta ta zaɓar wanda za ta ba ɗaki, kuma ba ruwanta da girman albashinsa. In mutum ya zo nema, sai ta ja shi da hira har lokacin salla ya yi, ta sa a miƙa masa buta, ta zuba ido. Idan ya tsuguna a gindin bango ya yi alwala, ruwa na bin ginin, to ya gama. Za ta rabu da shi da fara'a, amma ɗaki babu. "Wanda ka zubda ruwa gindin gina bai san ɗaki na da rai ba," haka take cewa. Wani malamin gona mai keke sabo ya rasa ɗaki a kan haka, har ya bar garin bai san dalili ba.

Hayarta washegarin albashi take karɓa, da rana tsaka, da hannunta, ba ta aike. Kafin ta taɓa ko anini sai ta ware wani abu ta jefa a wata 'yar tukunya. Wannan, in ji ta, abincin ɗaki ne. Ko sallah ta zo babu sabon zane, ba ta buɗe tukunyar. Da shi take sayen makuba ta ƙarfafa yaɓe da azarar rufi, ta biya magini.

A nan ne kuma maganar fidda kaya ta samo asali, don haka a saurara da kyau.

Duk shekara, idan bazara ta kama, kafin hadarin farko, Goggo takan sa rana. Ranar nan kowane ɗan haya zai fito da kayansa tsakar gida tun da safe. Magini ya shiga da sanda yana ƙwanƙwasa azara ɗaya-ɗaya, yana sauraron wadda gara ta cinye ta ciki. Sannan ya hau sama ya yi yaɓe, ya gyara indararo, a shafe bango da farar ƙasa. Ƙasa na zuba a lokacin, shi ya sa ake fitar da kaya. Kafin la'asar kowa ya mayar da nasa. Ita ke dafa abincin ranar, dambu da man shanu, har mukan yi ta zolayar juna a kan wanda tabarmarsa ta fi tsufa. Ita ma nata kayan fitowa suke yi, har tukunyar.

Sai aka kawo wani akawu. Yana da gadon ƙarfe da rediyo mai batir, ga takalmi sau-ciki da yake gogewa kullum. Da aka sa rana ya ce shi ba za a baje masa kaya a rana kamar na ɗan koli ba. Goggo ta lallashe shi, ta ɗaga rana saboda shi, ya sake ƙi. Ana nan sai ya datse ɗaki da kwado ya tafi rangadi ƙauyukan Dogon Daji, bai ce ga ranar dawowa ba. Gabas kuwa ta fara yin baƙi da yamma.

Goggo ta jira har ta ga jira zai zama ganganci. Ta kira mai unguwa da ni, a gabanmu aka cire kwadon. Kayan akawu ba su ko ga rana ba, ɗakinta ta sa aka kai su, ta lulluɓe rediyon da zanenta na zuwa biki. Magini ya ɗaga sanda ya taɓa azarar da ke daidai kan gadon, sai sandar ta shige ciki kamar a tuwo. Gara ta gama da ita, ɓawo kawai ya rage. Ruwan farko mai ƙarfi, da rufin nan a kan ƙirjinsa zai sauka.

Ka san abin da mutumin nan ya yi da ya dawo? Ya tarar da ɗaki fes, sabuwar azara, kayansa a jere yadda ya bar su. Bai ce sannu ba. Ya fita kasuwa yana cewa tsohuwa ta fasa masa ɗaki ta watsar masa da kaya a titi don tana son ta ba wani da ya fi shi biya. Maganar ta yi daɗin ji, ta bi gari. Ta kai Kebbe, Baffa ya sake hawo mota. A ranar ne ya yi rantsuwar nan tasa a zaure, a gaban mutane, ya ce ta zubar da mutuncin gidansu, ba shi ba ita.

Goggo ta sa aka jingina ruɓaɓɓiyar azarar a ƙofar gida, duk mai wucewa ya gani. Mutane suka gani. Wasu har suka sa yatsa suka ga tana marmashewa. Ni na tsaya a bakin masallaci na faɗi abin da idona ya gani, mai unguwa ma ya faɗa. A banza! Labarin akawu ya fi daɗi, ga shi mai albashi ne mai takalmi, ita kuwa mace ce mai karɓar haya, an riga an yanke mata hukunci tun ranar da ta kira magini. Akawu ya yi zamansa a ɗakin har aka yi masa canji, ya tafi ya bar mata sunan. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta kore shi ba. Ta ce, "Shina biya, ba shi zubda ruwa gindin gina. Bakinai ba nawa ba ne."

Amma abin ya ci ta. Na sha ganinta ta dawo daga gidan suna da wuri, ta zauna ita kaɗai a bakin rijiya. Mata sun yi mata habaici ke nan.

Malamin asibiti shi ne ɗan hayarta da ya fi daɗewa. Mutumin kudancin Yawuri ne, mai sanyin hali. Shekarar da sanƙarau ya shigo, yana ta fama da marasa lafiya har ciwon ya kama shi, kwana kaɗan ya tafi. Ya bar matarsa da yara biyu ƙanana. Iyayenta sun rasu, danginsa kuwa suka zo suka kwashe keke da akwati suka koma, ba wanda ya ce mata taho. Da ta gama takaba ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta zo ta durƙusa gaban Goggo, ta ce za ta tashi tunda babu mai biya.

"Ki tashi ki tafi ina?" in ji Goggo. "Kwance kayan ga. Ɗakin baya za ki koma."

"Inna, ba ni da abin biya."

"Wa yac ce miki kyauta ne? Ƙafafuna sun gaza. Ke ka share gida, ke ka duba min gindin gina in an yi ruwa, ke ka gaya min in kin ga gara. Hayarki ke nan, kuma ba ni ɗaga miki ko wata guda."

Haka aka yi. Goggo ta saya mata gyaɗa ta fara ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya ce mata, ashe Goggo an fara sadaka, sai ta harare shi ta ce, "Ta biya." Ba ta yarda a kalli matar nan a matsayin mai cin arziki ba, ko a gaban yara. Wannan ita ce mai son abin duniyar da ake roƙa wa gafara a kan tabarma.

Kuskuren Goggo ɗaya ne, kuma irin namu ne. Ta ɗauka magana a gaban mutane ta isa. Da ciwo ya kwantar da ita, Baffa ya ji labari, rantsuwa ta warware, ya zo dubiya da goro. Ta sa aka kira maƙwabta biyu, dattawa, ta ce a gabansu da gabansa ɗakin baya na matar nan ne muddin ranta, kada a tashe ta. Baffa ya ce, "Haba Yaya, ko ba ki faɗi ba." Ina Sakkwato wurin kwas a lokacin. Da na dawo ta gaya mini, na ce mu kai maganar gaban alƙali a tabbatar da ita. Ta ce, "Ɗan uwana na, ciki ɗaya. In kai shi gaban alƙali ina kwance?" Matar da ba ta yarda da azara sai an ƙwanƙwasa ta, ta yarda da wannan.

Bayan sadakar bakwai na bi dattawan nan biyu har gida. Na farko ya ce shi kunnensa ya yi nauyi, ya ga dai bakinta na motsi. Na biyu ya ce ya ji an ambaci ɗakin baya, amma ba zai rantse a kan me aka ce ba. Ɗansa ne Baffa ya ɗora a kan karɓar haya, wannan ban sani ba sai daga baya. Na koma wurin Baffa, na tuɓe takalmi na durƙusa yadda ɗa ke yi, na ce ya dubi Allah ya dubi marayun nan.

"Kai yaro," ya ce, "gidan haya na, ba gidan sadaka ba. Ita mai shi haka tat tsara shi. Ko kai za ka koya min gado?"

Gidan haya! A bakin Baffa! Mutumin da ya hau mota sau biyu don ya tsine wa haya. Tir. Na tashi na fito. Na ce wa matar ta dawo ɗakina ni in nemi wani wuri, Baffa ya ce ɗakin da sunana aka ba da shi, in na fita ya karɓi abinsa. Na zaga gari neman mai sauke ta. Masu cewa ba a sayar da baƙunci, ko ɗaya bai buɗe mata zaurensa ba. A ƙarshe wata 'yar uwar mahaifiyata a Kebbe ta ce ta zo su zauna a bukkarta.

Ba ta jira arba'in ba. Ana gobe za ta tashi, na dawo daga makaranta na ji duka da waƙa daga bayan gida. Na leƙa. Ta fitar da kayanta, ta tara matan unguwa 'yan kaɗan, sun zuba tsakuwa da ruwan makuba suna yi wa ɗakin sabon daɓe. Akuyarta guda ɗaya ta sayar ta yi wannan. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba, don Allah! Wa kike yi wa? Mutumin da ya kore ki?"

Ta ɗago, hannunta duk jan makuba, ta ce, "Malam, ba nashi na ba. A hannun Inna na amshi ɗakin ga da daɓe mai kyau. Ba ni maida mata shi da rami."

Ranar kasuwa na sa ta a mota ita da yaran, da tabarma da tukwane biyu. Ba ta waiwayi gidan ba, ƙaramin ne ya yi ta leƙe har motar ta sha kwana.

Washegari da hantsi ina gyara allon darasi a ƙofar ɗakina, sai ga Baffa ya shigo da wani sabon ma'aikaci da aka turo. Ya wuce da shi ɗakin baya, ya tura ƙofa, ya buga daɓen da ƙafa.

"Duba nan, Malam," in ji shi. "Sabo ful, shekaranjiya nis sa anka yi shi. Shi as sa za ka ga hayar ta ɗan ɗara ta sauran."

Na bar gidan a makon nan. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa ta a inuwar da ba mai tashinta. Masu roƙa mata gafarar fidda kayan mutane kuwa, su riƙe addu'arsu, akwai mai buƙatarta a zaure.